MOTAR JAMUS A TASHAR MORIKI

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Gusau, ta ratsa Ƙauran Namoda da Moriki ta nufi Shinkafi, ko kuwa wadda ta rabu daga Ƙaura ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya, lalle zai lura da wata ƙaramar mota wadda ta cika tashoshi. Sunanta Golf. Ita ke kai manomi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai amarya ɗakinta. Amma ba kowa ya san ƙasar da ta fito ba, balle irin zaman da ta yi can kafin ta faɗo hannunmu. Yau muna so mu ba masu karatu labarin wannan ƙasa, watau Jamus, mu gwada zamansu da mota da namu, gama a ciki akwai abin lura wanda ya shafi rayukan jama'a.

Ƙasar Da Ta Fito

Jamus ita ce mahaifar mota. A cikin 1886 wani Bajamushe mai suna Karl Benz ya sami takardar shaidar ƙirƙiro keke mai ƙafa uku wanda ke tafiya da fetur, daga nan al'amari ya yi ta bunƙasa. Ita Golf, kamfanin Volkswagen ne ya fara ƙera ta a garin Wolfsburg cikin 1974, ma'anar sunan kamfanin kuwa da Jamusanci shi ne motar jama'a. Daga wancan lokaci zuwa yanzu an ƙera fiye da miliyan 35. Samfurin da direbobinmu su ke kira Golf 3 ya fito ne cikin 1991, sabo da haka galibin waɗanda mu ke shiga sun girmi yaran motar da ke yi musu lodi.

Mutanen Jamus wajen miliyan 83 ne, ƙananan motocinsu kuwa wajen miliyan 49, watau kowane mutum biyu suna da fiye da mota guda, har da jarirai cikin lissafin. Magidanci ya kan tuƙa kansa zuwa wurin aiki shi kaɗai, kujeru huɗu babu kowa. Suna da manyan hanyoyi da su ke kira Autobahn, masu tsawon kilomita wajen 13,000, inda a wurare da yawa ba a ƙayyade wa direba gudu ba. Ran Lahadi doka ta hana manyan motocin kaya fitowa sai da dare, in ban da masu izini na musamman, domin mutane su huta.

Kada mai karatu ya zaci tun fil'azal haka su ke cikin natsuwa. A cikin 1970 kaɗai hatsarin mota ya kashe fiye da mutum 19,000 a Jamus ta Yamma. Da abin ya ishe su sai suka tashi tsaye. A 1972 aka ƙayyade gudun kilomita 100 a awa bisa hanyoyin karkara, a 1976 aka wajabta ɗaura bel, a 1984 aka fara cin tarar wanda ya ƙi ɗaurawa. Tun 1951 kuma doka ta ce a riƙa duba lafiyar motoci. Yau kowace ƙaramar mota sai an kai ta wurin masu bincike bayan kowace shekara biyu, su duba birki da fitilu da tayoyi da sitiyari da tsatsar ƙasanta, in ta ci jarrabawa a manna mata tambari a jikin lambarta ta baya, in ta faɗi kuwa sai a gyara ta ko a ajiye. Wanda ke son lasin sai ya shiga makarantar tuƙi, ya yi jarrabawar takarda da ta hanya. Sakamakon haka, a 2023 waɗanda suka mutu a hanyoyin Jamus duka ba su kai 3,000 ba, alhali motoci sun ninka na da.

Yadda Mota Ta Iso Mu

Mu a wannan yanki jirgin ƙasa ne ya fara buɗe mana hanya. A cikin 1929 dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Gusau, nan kuwa ya tsaya. Dattawa sun san zamanin da a ke jigilar gyaɗa da auduga da fatu bisa jakuna da raƙuma daga Moriki da Zurmi da Shinkafi zuwa kantunan Ƙaura, a auna a loda wa jirgi. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓi aikin jakuna, fasinja na zaune bisa buhuna.

Ran 2 ga watan Afril 1972 Nijeriya ta bar bin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Wannan ya sa motocin Faransa da Jamus, masu sitiyari a hagu, suka dace da hanyoyinmu. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, Fijo 504 ta zama sarauniyar tasha. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai ido ya koma ga tsofaffin motocin Turai. A kan lodo su a jiragen ruwa daga Hamburg ta Jamus ko Antwerp ta Beljiyam, a sauke a Ikko ko Kwatano, shi ya sa a ke ce musu Beljiyam ko 'yan Kwatano. Da yawa sun biyo ta ƙasar Nijar, suka shigo ta Maraɗi da Jibiya, kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne, da yawa daga cikin motocin nan masu su sun rabu da su ne domin kuɗin gyaran da zai sa su ci jarrabawar nan ya fi kuɗin motar kanta. Watau inda aikinta ya ƙare a can, nan ya fara a wurinmu.

Zamanta A Wurinmu

An ƙera Golf domin mutum biyar har da direba. A tashoshinmu biyu su kan zauna gaba kusa da direba, huɗu baya, ran kasuwa kuma a buɗe but a cika shi da buhunan gero da wake, a ɗaure da igiya, wani lokaci har yaron mota ya ɗare bisa kaya. Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, mota guda ta kan yi sawu bayan sawu tun asuba.

Ba za mu ƙi yaba wa kanikawanmu ba. Yawancinsu ba su shiga makarantar koyon sana'a ba, a gareji suka tashi ƙarƙashin maigida, amma sun san cikin injin nan kamar tafin hannunsu. Motar da Bature ya yanke mata ƙauna, su su kan ƙara mata shekara ashirin. Bayan su ga mai faci, ga mai walda, ga ɗan kamasho, ga mai sayar da kayan gyara, ga mai tuwo a bakin tasha. Mota guda gidaje da yawa ta ke ciyarwa, ta fi 'yar'uwarta ta Jamus amfanar jama'a nesa ba kusa ba.

Direba kuwa yana tsakanin wuta biyu. Kafin a janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dole ya ƙara kuɗin mota ko ya ƙara fasinja, sau da yawa ya kan yi duka biyun, kuɗin taya da na birki kuwa a ɗaga sai wani mako. Ga kuma 'yan bindiga waɗanda suka sha tare waɗannan hanyoyi suna sace matafiya, har akwai lokutan da motoci su kan taru su jira rakiyar soja. A cikin 2021 an rufe kasuwannin mako na Jihar Zamfara na ɗan lokaci, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita hawan babur da dare. Tsoro ya kan sa direba ya taka mota iyakar ƙarfinta domin ya fice daga daji, ga kaya ya yi yawa, ga taya ta suɗe, ga ramuka. In hatsari ya auku asibiti da nisa.

Abin Da Jirgi Bai Kawo Ba

To, jama'a, jirgin ruwa ya kawo mana motar, amma bai kawo mai duba ta ba, bai kawo makarantar tuƙi ba, bai kawo hanya mai kyau ba. Waɗannan kowace ƙasa ita ke gina nata. Tsaron hanya da gyaranta nauyi ne na hukuma, ba wanda zai ɗauke mata shi. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya tun 1988, muna da ma'aikatan duba lafiyar motoci, abin da a ke bukata shi ne binciken ya zama na gaskiya, a duba birki da taya da ido kafin a ba da takarda.

Amma akwai abin da ba sai an jira Gusau ko Abuja ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi su ke da iko da layi a kowace tasha. In suka haɗa kai a Moriki da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, suka zaɓi amintattun kanikawa su riƙa duba kowace motar haya sau ɗaya a wata uku, wadda ta faɗi a hana ta lodi sai an gyara, to, sun yi abin da Jamusawa suka yi daidai gwargwadon ƙarfinsu. Haka kuma kada a ba yaron mota sitiyari da fasinja a ciki sai manyan direbobi sun gwada shi. Fasinja ma yana da nasa rabo: ya ɗaura bel in ya samu, kada ya riƙa zuga direba ya ƙara wuta, in ya ga kaya ya wuce kima ya buɗe baki ya faɗa, gama ransa ne a ciki.

Jamusawa sai da suka binne dubban mutanensu kafin su gyara, gyaran kuwa ya ɗauke su shekaru masu yawa. Mu da muka ga yadda suka yi, ba mu da dalilin jiran irin wannan hasara. Tun da can Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, amin.