TAKARDUN GWAMNATI: BA DUKA AKE BUGAWA BA SAI DA IZINI

A Shomolu ta Ikko, inda injinan ɗab'i ba su hutawa, sau da yawa shugabannin ƙungiyoyin 'yan Arewa daga Agege ko Idi-Araba sukan kawo takardar gwamnati a buga musu ɗaruruwa, ko su sa a fassara ta da Hausa a ɗora a shafin ƙungiya na intanet. Galibinsu sun ɗauka abin da ya fito daga hannun hukuma na kowa ne, tun da yake da kuɗin haraji aka yi shi. A Amurka haka ɗin ne, don dokarsu ta 1976 ba ta ba Gwamnatin Tarayya haƙƙin mallakar abin da ma'aikatanta suka rubuta a bakin aiki ba. Nijeriya kuwa tafarkin Ingila ta bi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin dokar soja ta 1988. A ƙarƙashinta, littafi ko rahoton da aka yi bisa umurnin gwamnati yana da kariya har shekara 50 bayan fitowarsa. Watau ɗan littafin koyar da kiwon kaji da wata ma'aikata ta buga bara, ba a sake buga shi sukutum sai da yardarta, ko da kyauta za a raba. Fassara ma haka take. Nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, don suna ganin wanda ya sha wahalar mayar da Turanci Hausa ai ya zama mai abu.

Amma fa akwai sassauci babba. Dokar ta fitar da nassin dokoki da takardun mulki na hukuma, har da fassararsu ta hukuma, daga cikin abin da ake mallaka. Saboda haka ƙungiyar mahauta ko ta 'yan goro a Sabon Badun tana iya buga wa mutanenta dokar da ta shafi sana'arsu ba tare da ta roƙi kowa ba. Sai dai in wani kamfani ya tattara dokokin cikin kundi ya tsara su, to, wannan tsarin nasa ne. Alkaluma tsagwaronsu, kamar yawan jama'a a ƙidayar 2006, su ma ba su da mai su.

Tuta da tambarin ƙasa da takardar kuɗi ba su cikin wannan kariya, amma kada wani ya ruɗu: dokokin da ke tsaronsu daban suke, mai buga Naira kuwa ya san makomarsa.

An yarda a tsakuro kaɗan daga rahoto don ba da labari, ko nazari, ko sharhi, muddin an ambaci inda aka samo. Wanda ke son fiye da haka, sai ya rubuta wa ma'aikatar da ta buga takardar, ya kuma adana amsarta a rubuce kafin ya kai aiki Shomolu.