Raddi Kan Saka startx a Cikin rc.local

Akwai shawarar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu amfani da Linux, har wasu suka ɗauke ta alamar ƙwarewa. Cewa ake yi idan kana son kwamfuta ta buɗe fuskarta ta hotuna da zarar an kunna ta, ba sai ka nemi manhajar shiga irin su GDM, SDDM ko LightDM ba, ka rubuta startx a fayil ɗin rc.local kawai. Hujjojinsu uku ne: hanyar ta fi sauƙi, kwamfutar tasu ce su kaɗai, sannan manhajojin shiga suna cin ƙwaƙwalwar na'ura. Masu faɗar haka ba mugunta suke nufi ba, kuma lallai layi ɗaya ne ake rubutawa. Sai dai kamata ya yi a duba abin da layin yake aikatawa.

A fara da batun sauƙi. Duk abin da ke cikin rc.local da ikon root yake gudana, wato asusun da ba a hana shi komai a na'urar, kuma tun kafin kowa ya shigar da kalmar sirri. Ke nan duk manhajar da aka buɗe a zaman da startx ya tayar ta gaji cikakken ikon. Mugun fayil ɗaya da aka sauko da shi daga intanet zai iya sauya kalmomin sirri, ya dasa kansa a tsarin tashin na'urar, ko ya goge faifai ɗungurungum. Ba banza ba Chromium da VLC suke ƙin buɗewa idan aka kira su da sunan root.

Wani zai ce ai shi ya haɗa da umarnin "su" mai sauya asusu, domin zaman ya buɗe da sunan asusunsa na yau da kullum. Wannan ya rage haɗari, amma bai kawar da shi ba. Har yanzu ba a tambayi kowa kalmar sirri ba, kuma sau da yawa logind, wanda ke raba izinin sauti, allo da filas ga wanda ke zaune gaban na'urar, ba ya ɗaukar zaman a matsayin nasa. Sai sauti ya ɗauke, filas ya ƙi buɗewa, mutum ya shiga sassauta izini nan da can, har ya bar Xorg, wato manhajar da ke nuna fuskar hotuna, yana tashi da ikon root. A Oktoban 2018 an bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2018-14665 wadda ta ba kowane ƙaramin asusu damar zama root, kuma na'urorin da ta shafa su ne waɗanda aka bar Xorg a irin wannan hali.

Sai batun "ni kaɗai ne". Kwamfuta ba ta san mai ita ba sai ta hanyar tantancewa. A shago ko ɗakin kwamfuta na makaranta, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita na'urar ta sake tashi, duk wanda ya riga zama a kujerar shi ne mai iko. Haka abin yake ga laftof ɗin da aka sace.

Hujjar nauyi ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Manhajar shiga ta XDM tana aiki tun 1988, a kan na'urorin da wayar hannu ta yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da manhajar shiga ke bayarwa kuwa ya fi abin da take ci: tana tantance mutum ta hanyar PAM, tana nuna allon shiga ƙarƙashin asusu marar iko kamar yadda GDM da SDDM ke yi, kuma idan zaman ya faɗi allon kalmar sirri ne ke dawowa.

Hanyar da ta dace ba ta fi umarni biyu ba a tsarin systemd: systemctl enable tare da sunan manhajar shiga, sannan systemctl set-default graphical.target. A tsohon tsari ana gyara inittab ne, mataki na 5 a Red Hat, na 4 a Slackware. Wanda ba ya son manhajar shiga sam, ya shiga da kalmar sirrinsa a baƙin allo, ya sa exec startx a fayil ɗin shigarsa. Kalmar exec ɗin nan tana da muhimmanci, domin ita ke sa a fitar da shi gaba ɗaya idan Xorg ya mutu, maimakon a bar wa mai wucewa asusu a buɗe. Idan kuma shiga kai tsaye ta zama dole, a saita ta a cikin manhajar shigar da ƙaramin asusu, a kulle faifan da LUKS, a bar XDMCP, tsarin shiga daga nesa, a kashe, tun da ba ya ɓoye abin da ke bi ta waya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ke da startx a rc.local ya cire shi yau, ya zaɓi ɗaya daga waɗannan hanyoyi. Aikin 'yan mintoci ne, kuma daga nan babu mai samun iko da na'urarsa don kawai ya kunna ta, sai ya san kalmar sirri.