Kafin Ka Kama Hayar Gida Mai Kwamin Ninƙaya a Lekki

Hotunan da dillalan gidaje ke turo wa mutane ta WhatsApp kusan iri ɗaya ne: ruwa shuɗi garai-garai, kujerun kishingiɗa a gefe, bishiyar kwakwa a bayan katanga. Da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje a Legas suna Lekki ne, zirin ƙasar da ke tsakanin Tekun Atlantika da tafkin Legas, wanda ya miƙe daga Lekki Phase 1 ya bi ta Ajah da Sangotedo har Ibeju-Lekki, inda aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa a 2023. Masu zuwa aiki da 'yan kasuwa da masu hutun ƙarshen shekara, har da mutanenmu na Arewa, duk suna neman masauki a can, wani na mako guda, wani na shekara.

Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, kwamin ninƙaya inji ne da ke cin wuta da ruwa da magani kullum, ko an shiga ko ba a shiga ba. Akwai famfo da ke jan ruwan yana bi da shi ta cikin tankin yashi don tace datti, kuma ana so ya yi aiki kamar awa takwas a rana. Akwai sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, akwai kuma awon tsamin ruwa da ake so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya kauce daga nan, ko dai ido ya yi ja fata ta yi ƙaiƙayi, ko maganin ya daina aiki sosai. A zafi da laimar Legas, famfo ya tsaya na 'yan kwanaki kawai, sai ruwan ya gurɓace ya koma kore, gansakuka ta kama bango. In aka ƙyale shi ya daɗe, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa a tsakar gidanka.

To, wa zai biya? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce dillali ya fi son a tsallake. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙara wa masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin yunit daga kimanin naira 68 zuwa 225. In babu wuta kuwa, janareto ne zai juya famfon da man dizal. Ruwan ma ba kyauta ba ne. A sassa da dama na Lekki ruwan rijiyar burtsatse ja-ja yake fitowa saboda ƙarfen da ke cikin ƙasa, wani wurin har da ɗanɗanon gishiri, don haka ko a sa injin tacewa ko a sayi na tanka. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Tankar da ke ɗaukar lita 10,000 sai ta yi sawu biyar kafin ya cika. Ga albashin mai zuwa wanke shi. A rukunin gidaje masu kwami ɗaya na kowa da kowa, ana zuba duk wannan cikin kuɗin hidima da suke kira sabis caji, wanda ake biya daban da haya, kuma yana iya tashi a tsakiyar shekara. A gidan da kwamin naka ne kai kaɗai, in ba a rubuta a takarda cewa mai gida ne ke da alhakin gyaran famfo da tsagewar bango ba, ranar da suka lalace kai za a nuna.

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda a hannun sabon ɗan haya. An ware Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island daga dokar, amma Lekki tana ciki. Akwai kuma hukumar LASRERA da ke rajistar dillalan gidaje; wanda ya nemi la'ada kafin ka taka gidan da ƙafarka, ka fara tambayarsa shaidar rajista.

Batun yara ya fi na kuɗi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim. Shiru yake tafiya, cikin 'yan mintuna. A ƙarshen Oktoban 2022 ɗan mawaƙi Davido mai shekara uku ya rasu a kwamin gidansu da ke Banana Island, gidan da ba a rasa masu hidima ba. Yawan jama'a a gida ma yakan zama tarko, domin kowa yana zaton wani ne ke duban yaron. Abin da ke karewa shi ne shinge da ya zagaye kwamin ta kowane ɓangare, tsayinsa aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Gidajen haya da yawa ba su da shi saboda yana ɓata hoto. A ganina mai ƙananan yara da bai ga shinge ba ya haƙura da gidan, komai arharsa. A kuma duba fitilun da ke cikin ruwan da wayoyinsu, don wuta da ruwa ba sa ga maciji.

Sai sutura. Filaye a Lekki ƙanana ne, benaye kuma sun yi wa juna ƙawanya. Ka tsaya a bakin kwamin ka ɗaga kai: duk tagar da ka hango, mai ita yana hango iyalinka. In kwamin na haɗaka ne kuma, matan gidan da yawa ba za su taɓa shiga ba, ga kiɗan maƙwabta a ƙarshen mako, amma kuɗin hidima ba zai ragu ba.

Lokacin zuwa duba gida shi ma dabara ne. A Disamba ko'ina a bushe yake. Yuni da Yuli ne ke tona asiri, domin yankin ƙasa-ƙasa yake, wurare da dama fadama ce aka cike da yashi. A Yulin 2017 ruwa ya shanye titunan Lekki da Victoria Island har ya shiga ɗakuna. In da rani ka je, duba alamar ruwa a jikin katanga, ka tambayi maigadin maƙwabta, ba na gidan ba. Iskar teku kuwa gishiri take ɗauke da shi, tana cin ƙofar ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki da ƙarƙashin mota.

Tsatsar da gishirin ke haifarwa ce ke jawo rigima ranar tashi, lokacin da za a dawo maka da kuɗin ajiyar da ka bayar saboda ɓarna. Ranar da aka miƙa maka makulli, ka ɗauki bidiyon komai, har da famfon kwamin yana aiki da kowace fasasshiyar tayil, ka tura wa mai gida ko wakilinsa a ranar, ka ajiye amsarsa.