Hasken da Ido Ba Ya Gani, da Shanun Dutsen Birnin Kudu

 Mutanen Basirka, Gwaram da Birnin Kudu, yau shirin a ƙofar gidanku yake.

Wanda ke da rimot ɗin talabijin a kusa, ya ɗauko. Buɗe kyamarar wayarka, ka saita kan rimot ɗin a gabanta, ka danna kowane maɓalli. Da idonka ba za ka ga komai ba. Amma a fuskar wayar za ka ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana ƙyaftawa, fari-fari da ratsin shuɗi. In kyamarar baya ta ƙi, juya ta gaba, don wasu wayoyin sun fi tace shi. Wannan shi ne hasken infirared. Yana nan tare da mu kullum, rana na zubo shi, idon ɗan Adam ne dai bai kai gare shi ba.

Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi a 1800. Ya raba hasken rana da gilashi zuwa launukan bakan gizo, yana auna zafin kowanne, sai ya tura ma'aunin gaba da ja, inda babu launin komai. Nan zafin ya fi yawa. A 1910 Robert Wood na Amurka ya fitar da hotunan da aka ɗauka da wannan haske. A irin hoton, ganyen darbejiya kan fito fari fat, sararin sama kuma ya yi duhu. Kyamarorin zamani na ganinsa, shi ya sa kamfanoni ke sa wani gilashi a ciki ya tare shi. Masu ɗaukar hoto da infirared kan cire gilashin, su sa wanda ke tare hasken da muke gani, sannan su gyara launi a kwamfuta da Photoshop ko GIMP.

To, ga labarin da ya sa na ɗauko wannan batu.

A babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai gawar wani saurayi daga Gebelein a ƙasar Masar. Yashi mai zafi ne ya busar da ita, shekara kusan 5,000 ke nan. Ta fi shekara 100 a gidan, miliyoyin mutane sun wuce ta gabanta, masana sun duba sun sake dubawa. A damtsensa na dama akwai wani dishi-dishin baƙi, kowa ya ɗauka tabo ne kawai. Sai aka ɗauki hoton wurin da infirared. Jama'a, ashe jarfa ce! Bijimin daji mai dogon ƙaho da doguwar jela, da wani ragon dutse mai lanƙwasasshen ƙaho. A 2018 aka bayyana sakamakon. Shekara 100 bijimi na kan damtsen mutum a bainar jama'a, ba wanda ya gan shi. Me ya sa infirared ya fito da shi? Da baƙin hayaƙi ko makamancinsa aka yi jarfar. Infirared na ratsa busasshiyar fata, amma in ya tarar da gawayi ko kunkunniya sai su shanye shi, su fito baƙi ƙirin.

Da na ji bijimi, sai hankalina ya dawo gida. Mu ma ai muna da shanunmu a jikin dutse. Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu, duk a Birnin Kudu. Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ya yi nazarinsu, ya kai bayaninsu taron masana a garin Livingstone a 1955, har da duwatsun nan da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, galibin shanun da aka zana ba su da tozo. Ku duba garken da ke wucewa ta Basirka yau, kowace saniya da tozonta. Wato waɗanda suka yi zanen, wasu irin shanu daban suke kiwo.

Sai dai a nan zan ɗan rage muku zumuɗi. Kada wani ya ji labarin Masar ya ce a kawo infirared a haska Dutsen Mesa, komai ya bayyana. Ba haka abin yake ba. Jan fentin zanen duwatsu galibi daga jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe ake samunsa, ita kuwa a infirared kan yi haske ta dusashe. Baƙin gawayi shi ne abincin infirared. Ja, sai manhaja.

Manhajar ita ce DStretch. Wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fito da ita a 2005, da dabarar da hukumar NASA ke bi wajen tace hotunan tauraron ɗan Adam. Hoto na yau da kullum za ka ba ta. Tsakanin jan fentin da ya koɗe da launin dutsen akwai ɗan bambancin da ido ba ya kamawa. Ita sai ta ja bambancin nan ta faɗaɗa shi, ƙafa ko ƙahon da ya ɓace ya dawo. Launukan da take fitarwa na ƙarya ne, ku sani, kuma takan ƙawata tsatsar dutse har mai son gani ya ga saniyar da babu ita. Don haka akan ajiye hoton asali a gefe, a riƙa gwadawa. Akwai ta waya, ɗalibi ma zai iya.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure. A taƙaice, mai zuwa ɗaukar hoto ya nemi izinin ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don wuraren suna ƙarƙashin kulawarta. Kada a watsa wa zanen ruwa wai don ya fito, kada a bi shi da alli, kada a shafa shi da hannu. A ɗauka a inuwa, ba filasha.