Maganaɗisu Mai Girman Molekul Ɗaya: Zai Iya Ajiye Hotuna Da Bidiyo Nan Gaba?

Duk wanda ya taɓa ganin saƙon "ma'ajiya ta cika" a wayarsa ya san cewa wurin ajiye bayanai ba ya isa. Hotuna da bidiyon da ake ɗorawa a Facebook ko YouTube suna zaune ne a manyan cibiyoyin bayanai, kuma da yawa daga cikinsu a kan faifan ajiya irin na kwamfuta suke, wanda ke aiki da maganaɗisu. Wayar hannu kanta tana amfani da wata fasahar daban, wato ma'ajiyar filash, amma abin da ta tura zuwa intanet yakan ƙare a kan waɗannan faya-fayan.

A kan faifan, kowane bit, wato 0 ko 1, ɗan wuri ne da maganaɗisunsa ya fuskanci sama ko ƙasa. Don a samu ƙarin wuri, sai a ƙanƙantar da shi. Matsalar ita ce, idan ya yi ƙanƙanta sosai, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya juya shi, 1 ya koma 0, bayanin ya lalace. To ina iyakar ƙanƙantar? A nan ne sinadarin manganis ya shigo, wanda ake samu a cikin batirin tocila na yau da kullum.

A shekarar 1980 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Poland, Tadeusz Lis, ya haɗa wani molekul, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra da suka riƙe juna. A cikinsa akwai ƙwayoyin manganis 12 da oksijin ya ɗaure, sannan asitet 16 sun kewaye su kamar katanga. Asitet daga asid ɗin da ke sa binega tsami yake fitowa. Ana kiran molekul ɗin Mn12. A 1993 Roberta Sessoli da Dante Gatteschi na birnin Florence a Italiya, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa idan aka maganaɗise shi aka cire maganaɗisun waje, yana riƙe alkiblarsa. Ke nan molekul ɗaya tak na iya tuna 0 ko 1.

Sirrin yana cikin tsarinsa. Kowace ƙwayar manganis tamkar ƙaramar allurar kamfas ce. Takwas na zagayen waje suna fuskantar gefe ɗaya, kowace da ƙarfi 2, jimla 16. Huɗu na tsakiya suna fuskantar ɗaya gefen, kowace da ƙarfi 1.5, jimla 6. Idan aka cire 6 daga 16, saura 10, kuma wannan babban adadi ne ga molekul guda. Bugu da ƙari, siffar molekul ɗin tana sa allurar ta fi son sama ko ƙasa, kamar dutse a cikin ɗaya daga ramuka biyu da tudu ya raba. Sai ya samu ƙarfin haye tudun kafin ya sauya rami.

Sai dai tudun Mn12 gajere ne. Molekul ɗin yana riƙe bayani ne kawai a sanyin da ya kai wajen digiri 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Can cikin wannan sanyi yakan riƙe shi na watanni, amma da ya ɗan ɗumama sai ya manta. A 1996 kuma aka gano cewa wani lokaci alkiblar tana ratsa tudun ta ƙarƙashi ba tare da ta haye ba, wata ɗabi'a ta duniyar ƙwayar zarra da ita ma ke goge bayani.

Tun daga nan gasar ta koma ta rage buƙatar sanyi, kuma masu bincike suka karkata ga wani ƙarfe mai suna disprosiyum. A 2017 Jami'ar Manchester ta Ingila ta kai digiri 213 ƙasa da sifili. A 2018 ƙungiyar Richard Layfield ta Jami'ar Sussex ta kai 193. Wannan mataki yana da muhimmanci domin ya wuce sanyin ruwan naitirojin, 196 ƙasa da sifili, wanda ya fi ruwan hiliyam araha da sauƙin samu.

Don haka kada mai waya ya sa ran ganin wannan fasaha a aljihunsa kwanan nan. Inda ta fi dacewa shi ne cibiyoyin bayanai, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin na'urorin sanyaya. Ko a can ma da sauran aiki: dole a iya jera molekul ɗin a kan faifai ba tare da ya lalace ba, a kuma ƙera kan da zai karanta ya rubuta a kan kowane ɗaya da sauri.