Sauya Salansar Babur a Suleja: Riba ko Asara?

A garin Suleja na Jihar Neja, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Babban Birnin Tarayya, akwai wata 'yar sana'a da ta samu gindin zama a wurin masu walda da makanikan babura, watau sauya fasalin salansa domin babur ya riƙa ruri, kuma a ganin mai shi, ya ƙara gudu. Wasu sukan sa a yanke gindin salansar a zare abin da ke ciki a sake liƙewa, wasu a huda ta da rodi, wasu kuwa su cire ta ɗungum su ɗaura wata mai faɗin baki. Aikin ba ya cin lokaci, ladansa kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne kuɗin da ke biyo baya.

Batun yana da nauyi a Suleja saboda matsayin babur a tattalin arzikin garin. Tun da aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ba su iya biyan kuɗin haya a birnin suka tare a Suleja da Madalla da Kwamba da Gauraka. Sa'an nan a watan Oktoba na 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, lamarin da ya tura masu sana'ar da dama zuwa garuruwan gefe. Babur ne ke kai fasinja daga bakin titi zuwa lungunan unguwa, shi ne kuma ke ɗauko kaya daga Kasuwar IBB. Ga magidanta da yawa, shi ne jarin gida baki ɗaya.

Salansa dai ba bututun fitar da hayaƙi ba ce kawai. Duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin inji, hayaƙin yakan fito da zafi da matsi mai tsanani, dunƙule bayan dunƙule, sau dubbai a cikin minti guda. Wannan fitowa ita ce ƙarar da kunne ke ji. A cikin salansa akwai ƙananan ɗakuna da bututu mai huje-huje waɗanda ke tilasta wa hayaƙin ya yi kwana, ya bazu, ya huce, kafin ya fita. Wanda ya zare su ya buɗe wa ƙarar hanya, babu shakka. Ko ya buɗe wa ƙarfi hanya, wannan magana ce dabam.

Imanin cewa taɓa salansa na ƙara wa babur ƙarfi yana da asali, kuma ya kamata a yi masa adalci. Baburan da suka yi tashe a shekarun 1980 da 1990, irin su Suzuki da Yamaha, da Jincheng da ta biyo bayansu daga ƙasar Sin, akasarinsu masu injin nan ne da ke ƙona fetur tare da mai, wanda makanikai ke kira tu-sitirok. A irin wannan inji, man da ya ƙone yakan tara kunkunniya a cikin salansa har ta toshe, babur ya kasa hawa tudu. Idan bakanike ya kwance ta ya gasa a wuta ya kakkaɓe, sai babur ya dawo da ƙarfinsa, muryarsa ma ta washe. Mai babur ya ji ƙara ta ƙaru, ya ga gudu ya dawo, sai ya haɗa biyun a ransa. Alhali kuwa ƙarfin da ya ɓace ne aka maido masa.

Har ila yau, a injin tu-sitirok salansa tamkar wani ɓangare ce na injin kansa. Wani injiniya na kamfanin MZ da ke Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, shi ne ya shahara wajen tabbatar da haka a shekarun 1950. Ya ƙera salansa mai kumburarren ciki wadda ke mayar da bugun hayaƙi baya kamar amsa-kuwwa, a daidai lokacin da zai tura fetur ɗin da ke neman zurarewa ya koma cikin inji. A 1961 ɗan tseren kamfanin, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki ta Japan, kuma a 1962 ya ci mata kambunta na farko na gasar duniya. Amma abin lura shi ne, nasarar Kaaden ta zo ne daga awo da lissafin tsawo da faɗin kowane sashe na bututun. Ba da rodi da guduma aka same ta ba.

Babur ɗin da ya mamaye titunan Arewa daga baya, watau Bajaj Boxer ta ƙasar Indiya da makamantanta, injinsa iri ne dabam. Yana da bawul na shigar da fetur da na fitar da hayaƙi, mansa kuma a ƙasan inji yake zaune, ba ya ƙonewa tare da fetur. Saboda haka salansarsa ba ta cika toshewa ba. An gaji al'adar daga tsohon babur, aka ɗora wa sabo wanda ba ya bukatarta.

A irin wannan inji, hayaƙin da ke fita da sauri ta bututu madaidaici yakan ja na bayansa, ya taimaka wajen share ɗakin ƙonewa domin sabon fetur ya samu wuri. Idan aka faɗaɗa bututun fiye da kima, hayaƙin sai ya yi sanyin gudu, kamar ruwan famfo da aka sake wa baki. Abin da babur zai iya samu shi ne ɗan ƙarin ƙarfi a ƙurewar totur, abin da zai iya rasawa kuwa shi ne ƙarfin tashi daga tsaye da na jan kaya. Ɗan acaɓan Suleja, wanda yininsa duk tsayawa ne da tashi a cikin cunkoso da fasinja a baya, na biyun yake bukata. Injin da bai kai ƙarfin doki 10 ba, ko da an ɗauka ya samu ƙarin kashi 5 cikin 100, ribar ba ta kai rabin doki ba.

Matsala ta biyu tana wajen kafireta. Kamfani ya daidaita yawan fetur da iska ne bisa salansar da ya ɗaura. Da zarar an buɗe bayan, sau da yawa iska takan rinjayi fetur, inji ya riƙa zafi fiye da ƙa'ida. Alamarsa ita ce bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, babur kuma ya riƙa tas-tas idan an saki totur. In aka bar shi haka, bawul ɗin hayaƙi da fistin ne ke ɗanɗana kuɗarsu. In kuwa bakanike ya san aikinsa, zai sa babban jet, watau ya faɗaɗa ƙofar da fetur ke bi, inji ya huce. To, amma fa tanki ne zai biya.

A nan ne lissafin ya shafi aljihu. A watan Oktoba na 1994 litar fetur ta koma naira 11, aka yi ta kuka. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Alal misali, mutumin da ke shan lita 4 a rana, idan sauyin salansa da yawan murza totur suka ƙara masa kashi 10 cikin 100, a kwana 26 na aiki ya ƙona fiye da lita 10 a banza, watau man yini biyu da rabi. Kayan gyara ma, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su ta Legas da Nnewi, sun bi faɗuwar naira sun yi tsada tun daga watan Yuni na 2023.

Bugu da ƙari, ba kowane mai tuƙi ne mai babur ba. Da yawa haya suke yi, suna kai balas kullum yamma. Yaro ne ke more ƙarar a titi, amma ranar da za a sauke inji, maigidansa ake aika wa. Wannan na daga cikin abubuwan da kan ɓata tsakanin masu babura da yaransu.

Akwai masu kafa hujja da cewa ƙarar kariya ce, domin direban mota zai ji zuwan babur. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya a cikin cunkoso, sai dai bakin salansa baya yake kallo, don haka wanda aka wuce da mazauna gefen titi su suka fi shan ƙarar. Masana lafiyar ji sun sa iyakar awo 85 na ma'aunin desibel ga wanda zai yi awa 8 a cikin ƙara, kuma kowane ƙarin awo 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Mai tuƙin da ke yini a kan sirdi shi ne na farko da kunnensa zai fara nauyi. A Suleja kuma akwai wani dalili na musamman. Garin ya ga tashin bam a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu na 2011, da na cocin Madalla ranar Kirsimeti ta shekarar, har aka sa wa ƙaramar hukumar dokar ta-ɓaci. Salansar da ke harbi kamar bindiga da tsakar dare ba abin wasa ba ce ga wanda ya ga wancan zamani.

Ta fuskar doka, ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa sun wajabta wa kowane abin hawa mai inji salansa mai aiki, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jiha suna da hurumi a kai. Hukumar NESREA mai kula da muhalli ma ta samu ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009.

Wanda salansarsa ta ci tsatsa ta huje, walda ko sayen sabuwa daidai da ta kamfani gyara ne na halal, kuma shi ya fi araha. Wanda kuwa ya riga ya farke tasa, zai gamu da lissafin ƙarshe ranar sayarwa, domin mai sayen babur na hannu yakan fara da tayar da shi ya saurara. In ya ji ruri, sai ya ɗauka injin ya sha wuya a hannun matashi, ya cire kuɗin sabuwar salansa da na duba bawul daga tayinsa.