Lugbe: Masu Agaji Suna Zuwa, Amma Wa Suke Yi Wa Bayani?

Duk wanda ya taso daga tsakiyar Abuja ya nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, galibi yakan ratsa Lugbe. Daga bakin babban titin nan da ake kira da sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba abin da matafiyi zai hanga sai gidajen mai da manyan kantuna da rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya. Amma in ya sauka ya kutsa ciki, zai tarar da wata Lugben dabam: ƙauyen Gbagyi na asali, wanda ya girmi dokar 1976 da ta kafa Birnin Tarayya, da unguwannin ƙananan ma'aikata masu sayen ruwa wurin 'yan garuwa, da kuma matsugunin 'yan gudun hijira.

Yawancin waɗannan bayin Allah daga Jihar Borno suka fito, musamman daga ƙasar Gwoza, wadda Boko Haram ta kama cikin watan Agusta na 2014, sojoji kuma suka ƙwato cikin Maris na 2015. Sun bazu a Lugbe da Durumi da Sabon Kuchingoro da Wassa. Hukumomin Birnin Tarayya sun sha faɗin cewa ba gwamnati ce ta kafa waɗannan matsugunai ba, saboda haka nauyin ci da sha da magani da karatun yara ya faɗa a kan ƙungiyoyin agaji da masallatai da coci-coci da masu hali. Ba wanda zai musa cewa sun yi ƙoƙari, gama da yawa daga cikin yaran nan a azuzuwan masu aikin sa-kai suka fara riƙe fensir.

Sai dai yadda agajin ke zuwa abin dubawa ne. Da azumi ko Kirsimeti ya kusato, motoci kan yi jerin gwano ɗauke da shinkafa da taliya da katifu. A kafa rumfa, a yi jawabi da Turanci, a ɗauki hoto, a watse. Sau da yawa ba a tambayi mutanen tun farko ko abin da aka kawo shi ne ya fi damunsu ba, alhali kuwa mai yiwuwa ne kuɗin makaranta ko gonar haya ko maganin mai naƙuda ya fi musu katifa. Ba a kan gaya musu nawa aka tara da sunansu ba, ko yaushe za a komo, ko wurin wa za su kai kuka in rabo bai kai gare su ba.

Ba wai ƙungiyoyin ba su ba da bayani ba ne. Suna bayarwa, amma sama yake tafiya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta kai rahotonta ga Hukumar Rajistar Kamfanoni kowace shekara, masu ba da kuɗi na ƙasashen waje kuwa sai sun ga rasit na kowace naira. Matar da aka ɗauki hotonta aka manna a bangon rahoton ita kaɗai ce ba ta da ikon ganin abin da ke cikinsa, domin ba ita ke da wuƙa da nama ba.

Wannan cuta ba a Nijeriya kaɗai take ba. Binciken da aka buga cikin 1996 kan agajin da aka kai bayan kisan kiyashin Ruwanda na 1994 ya tona kurakuran ƙungiyoyi da yawa, har ya sa suka fara tsara wa kansu ƙa'idoji. Cikin Disamba na 2014, shekarar da Gwoza ta faɗi ke nan, aka ƙaddamar da wata ƙa'ida mai alkawari 9 a birnin Kwafanhagan na ƙasar Danmak. Daga ciki akwai cewa a sanar da jama'a abin da ya shafe su, a sa su cikin shawara, a kuma karɓi ƙorafinsu a amsa. To, amma ƙa'idar ta ganin dama ce, ƙananan ƙungiyoyin da suka fi zuwa Lugbe kuwa ba mai tilasta musu bin ta.

Akwai kuma maganar harshe. Mutanen Gwoza suna da harsunansu, irin su Glavda da Guduf da Lamang, Hausa ta biyu ce gare su, tsofaffin mata ma wasu ba su ƙware da ita ba. Takardar da aka rubuta da Turanci aka ce a dangwala yatsa ba ta zama shawara ba. Don haka komai sai ya bi ta hannun shugabannin matsuguni, su ne masu rubuta sunaye, su ne tafintoci, su ne kuma masu rabo. Ko da mutum ya kai kowa gaskiya, in kaya ba su isa ba shi za a zarga, baƙon da ya kawo su ya riga ya koma ofis.

Cikin Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, cikin Yuli kuma aka rufe hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya a Nijeriya. Yanzu da kuɗi suka yi ƙaranci, kowace rijiyar burtsatse da ta lalace saboda ba a shirya da jama'a wanda zai gyara ta ba, asara ce mai wuyar mayarwa. Gyaran kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. A karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a kafin ranar rabo, da Hausa da harshen mutanen. A zauna da mata dabam. Allon da ake kafawa a gindin rijiya, wanda sunan ƙungiya ke cika shi, yana da filin da za a rubuta kuɗin da aka kashe, da ranar da aikin zai ƙare, da lambar wayar wanda za a kira in famfo ya daina kawo ruwa.